Rauni Ɗaya, Mutum Biyu

Hausawa sun ce, abin da ya taɓa hanci, idanu su ke ruwa. Babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar cikin aure. A ce mota ta buge magidanci a kan hanya, ko kuwa bango ya faɗa masa a wurin aiki. An kai shi asibiti, likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, rai ya tsira, amma ƙafafu ba su ƙara takawa ba. Kowa ya san an cuci mutumin nan, in kuwa sakacin wani ne ya jawo abin, kowa ya yarda wajibi ne mai sakacin ya biya. To, matarsa fa? Ba a karya mata ƙashi ba, ba ta zub da jini ko ɗigo ɗaya ba. Duk da haka mijin da aka komo mata da shi daga asibiti ba daidai ya ke da wanda ya fita da safe ba. Dā shi ke ɗauke mata kaya, yanzu ita ke ɗaukarsa. Dā su kan yi shawara su biyu da dare, yanzu sai nishi da juyi. In ba su haihu ba tukuna, watakila ba za su ƙara sa rai da haihuwa ba.

Ga tambayar da mu ke so mu auna tare da masu karatu a wannan wata. Wanda ya yi wa mutum rauni ta wurin sakaci, ko akwai hakkin abokin auren mutumin a wuyansa kuma? In akwai, daidai ne a biya wannan hakki da kuɗi? Mai bin Yesu kuma, ya karɓa ko ya ƙi? Kada wani ya ce wannan maganar lauyoyi ce kaɗai. Da wuya a sami ekklesiya, a birni ko a ƙauye, wadda ba ta da gida guda inda wani ke kwance, wani kuma na zaune a bakin gado shekara da shekaru.

Yadda Abin Ya Faro A Ingila

Masu shari'a na Turai suna da suna domin wannan hakki. Kalmar Latin ce, konsortiyum, ma'anarta kuwa tarayya cikin rabo ɗaya. Abin da su ke lissaftawa a cikinta shi ne zaman tare, da hira, da shawara, da taimakon juna cikin aikin gida, da ta'aziyya, da kwanciyar aure. In aka yi wa ɗaya rauni har waɗannan suka ɓaci, sai ɗayan ya kai ƙara da sunan kansa, dabam da ƙarar wanda ya ji ciwon.

Amma tushen abin ba shi da kyau. A tsohuwar shari'ar Ingila, in ka yi wa baran wani rauni, ubangidansa yana da iko ya yi ƙararka domin aikin da ya rasa. A kan wannan gwado aka yanka ƙarar miji. Tun cikin ƙarni na 17 kotunan Ingila sun yarda miji ya nemi diyya in an yi wa matarsa rauni, gama ya rasa hidimarta da zamanta. Matar kuwa ba ta da irin wannan iko in mijinta ne ya ji ciwo. A idon shari'ar wancan zamani mace mai aure tana ƙarƙashin inuwar mijinta ɗungum, har ba ta iya kai ƙara ita kaɗai da sunanta, sai da aka yi dokar dukiyar matan aure ta 1882. Watau ana duban mace kamar ɗaya daga cikin kayan gidan miji. In an ɓata masa kaya a biya shi. Kaya kuwa ba ya ƙara.

Ko bayan da mata suka sami ikon zuwa kotu, wannan bambanci bai kau ba. A 1952 wata mace ta kai maganarta har gaban alƙalan majalisar dattawan Ingila, waɗanda su ne kotun ƙarshe a wancan zamani. Ana kiran shari'ar da sunan Best. Mijinta ya ji rauni a ma'aikatar ƙarfe, raunin kuwa ya hana shi kwanciyar aure har abada. Alƙalan suka ƙi ba ta kome. Hujjarsu ita ce, hakkin da a ke ba miji saura ne na zamanin da ya wuce, bai kamata ma a ce yana nan ba, balle a faɗaɗa shi ya kai ga mata. Ta koma gida hannu wofi.

Ƙasashe Sun Rabu Hanya

In mutum biyu suna tsaye, ɗaya da riga ɗaya babu, hanyar daidaita su biyu ce: ko a ɗinka wa marashi, ko a tuɓe wa mai ita. Ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila sun rabu a kan waɗannan hanyoyi biyu.

Amurka ta bi ta fari. A 1950 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton, cikin shari'ar Hitaffer, ta yanke cewa mace ma tana da ikon neman diyya in sakacin wani ya raunana mijinta. Jihohi suka yi ta bi ɗaya ɗaya, waɗansu da sauri, waɗansu da jan ƙafa. A jihar Kalifoniya sai 1974, cikin shari'ar Rodriguez. Labarinta abin tausayi ne ƙwarai. Saurayi da budurwa sun yi aure a 1969, dukansu biyu suna aiki. Bayan wata 16 kaɗai, wani bututun ƙarfe mai nauyin fiye da laba 600, watau fiye da kilo 270, ya faɗo wa mijin a kā a wurin aiki. Lakarsa ta taɓu, jikinsa ya shanye daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙasa, hannu ɗaya kuma ya raunana. Matar ta bar aikinta. Ita ke tashi da dare ta juya shi don kada gyambo ya kama shi, ita ke yi masa wanka, ta sa masa tufafi, ta taimake shi har wajen fitsari da bayan gida. Kotun ƙoli ta jihar ta duba wannan duka, ta ce lalle ita ma an cuce ta, hasararta kuwa tata ce ta kanta. Yau yawancin jihohin Amurka suna ba miji da mata wannan iko daidai wa daida. Ƙasar Ailan ma ta bi hanyar nan a 1992, sa'an da kotun ƙolinta, cikin shari'ar McKinley, ta ce tsarin mulkin ƙasar bai yarda a ba miji a hana mata ba.

Ingila ita kuwa ta bi hanya ta biyu. A 1982 majalisarta ta yi doka ta soke ƙarar miji gaba ɗaya, aka bar miji da mata duka babu riga. A madadin haka aka sa wani ƙayyadadden kuɗi na baƙin ciki, wanda a ke biya in mutuwa aka yi kaɗai. Da fari fam 3,500 ne, a 2020 aka ɗaga shi zuwa fam 15,120. In mutum ya rayu a shanye, abokin aurensa ba shi da ƙara ta kansa domin zaman da ya ɓaci. Abu ɗaya dai aka bari: cikin diyyar majinyaci ana lissafta jinyar da wani nasa ya yi masa kyauta, a 1994 kuma alƙalan suka bayyana cewa wannan kaso amana ce a hannunsa domin mai jinyar.

Kotunan Nijeriya sun gaji shari'ar gargajiya ta Ingila daga zamanin Turawa, amma dokar 1982 ba ta da iko a kanmu, gama mun sami mulkin kai tun 1960. Wanda abin ya same shi, lauya ne zai nuna masa matsayin doka a jiharsa. Namu aikin shi ne mu duba inda gaskiya ta ke, mu auna da ma'aunin da ba ya sākewa.

Abin Da Maganar Allah Ta Koya

Shari'ar Musa ba ta ambaci wannan diyya da sunanta ba, kada kuwa mu sa wa Littafi abin da bai faɗa ba. Amma akwai ginshiƙai uku a cikinsa waɗanda su ke a fili.

Na fari, rashin abokin zama hasara ce ta gaske. Cikin Farawa sura 2, tun zunubi bai shigo duniya ba, abu na fari da Allah ya ga bai yi kyau ba shi ne kaɗaicin mutum. Adamu yana da gona, yana da abinci, yana da lafiyar jiki sarai, duk da haka da saura. Mai-Wa'azi sura 4 ya lissafta ribar zaman mutum biyu: in ɗaya ya faɗi akwai mai tā da shi, in dare ya yi sanyi akwai ɗumi, in maƙiyi ya taso akwai mai tsayawa tare. Ku duba, waɗannan su ne abubuwan da lauyoyi su ke lissaftawa yau. Ku tuna kuma da Faltiyel cikin 2 Samu'ila sura 3, yadda aka ɗauke masa Mikal, ya bi ta a baya yana kuka har Bahurim, sai da Abner ya kore shi. Ba a taɓa jikinsa ba, amma wa zai ce ba a yi masa rauni ba?

Na biyu, wannan hakki na miji da mata ne duka. Cikin Kubawar Shari'a 24:5 an hana a tura sabon ango yaƙi ko wata hidimar jama'a har shekara guda, dalilin da aka bayar kuwa shi ne domin ya faranta wa amaryarsa zuciya. Ashe, dubban shekaru kafin alƙalan Ingila su kori matar nan, Allah ya riga ya sa zaman miji cikin hakkin mace, har ya fifita shi bisa bukatar rundunar Isra'ila. Fitowa 21:10 ta lissafta abu uku da ba za a rage wa mace ba: abincinta, da suturarta, da hakkinta na kwanciya. Manzo Bulus kuma cikin 1 Korinthiyawa sura 7 ya ba miji iko bisa jikin matarsa, ya ba matar iko bisa jikin mijinta, da ma'auni guda. Saboda haka tsohuwar shari'ar Ingila ta yi kuskure biyu: ta mai da mace kaya, ta kuma hana ta abin da Allah ya ba ta.

Na uku, mai sakaci zai biya. Fitowa sura 21 ta ce wanda ya bugi wani har ya kwanta, zai biya shi kwanakin da ya yi ba aiki, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke. Wanda ya haƙa rami bai rufe ba, dabbar wani ta faɗa, zai biya. Mai san da aka sani da tunkuyi, in bai tsare shi ba, alhaki na wuyansa. Kubawar Shari'a 22:8 ta umurci mai gina gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Cikin Fitowa 21:22 kuma, inda masu faɗa suka bugi mace mai ciki, shari'a ta dubi hasarar gidan duka, ta bar wa mahukunta su tsai da abin da za a biya.

To, in hasarar ta gaske ce, in ta miji da mata ce daidai, in kuma Allah bai ƙyale mai sakaci ba, muna gani waɗanda suka ɗinka wa marashi riga sun fi kusa da gaskiya bisa ga waɗanda suka tuɓe wa mai ita.

Ƙauna Tana Da Farashi?

Akwai 'yan'uwa masu tsoron Allah waɗanda wannan magana ba ta kwanta musu ba, hujjojinsu kuwa ba na wasa ba ne. Bari mu ji su.

Wani zai ce, ƙauna ba ta sayuwa. Waƙar Waƙoƙi 8:7 ta nuna cewa wanda ya zo da dukiyar gidansa duka don ya sayi ƙauna, abin reni ya ke zama. Yaya za a sa joji ya zauna yana ƙidaya hirar dare nawa ce, ta'aziyya nawa ce? Gaskiya ne, ba su da farashi. Amma ido ma ba shi da farashi. Ba mai hankalin da zai yarda a ƙwaƙule masa ido don a cika masa jaka da kuɗi. Duk da haka in aka tsiyaye wa mutum ido, ba mu kan ce tun da ido ya fi ƙarfin kuɗi kada a biya ko anini ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da diyyar rai ta raƙuma 100 cikin shari'arsu, ba kuwa mai cewa wannan shi ne kuɗin ɗan adam. In muka ce abin da ya fi ƙarfin kuɗi ba a biyansa, mun yi doka ke nan cewa wanda ya kashe maka akuya zai biya, wanda ya rushe maka zaman gida ya tafi abinsa. Wannan ba adalci ba ne.

Kuɗin yana aiki biyu. Na ɗaya, shaida ne. Shari'a ce ta tsaya a bainar jama'a tana ce wa matar nan, mun gan ki, ke ma an cuce ki. Wanda ya daɗe yana kuka ba mai waiwayarsa ya san darajar wannan. Na biyu, kuɗin yana sayen abin da ke sayuwa. Yana sayen keken guragu da katifa mai kyau. Yana biyan yaron da zai zo ya ɗaga majinyaci ya yi masa wanka, yana biyan kuɗin makarantar yara. Matar da ta sami mai kama mata aikin jinya, ta yi barci ya ishe ta, ita ce ke da sauran ƙarfin da za ta zauna ta yi hira da mijinta ta yi masa dariya. Kuɗi ba ya komo da ƙafafu, amma yana iya komo wa mace da zarafin zama matar mijinta, maimakon gajiyayyar mai jinya kaɗai.

Wani kuma zai ce, ai ta yi alkawari a gaban Allah da ekklesiya za ta zauna da shi ko da lafiya ko babu. Tun da ta ɗauki wannan kaya da bakinta, me ta ke nema kuma? Mu lura da kyau. Wa ta yi wa alkawarin? Mijinta ta yi wa, a gaban Allah. Ba ta yi wa direban da ya sha giya ya hau mota ba. Ba ta yi wa maigidan da ya ƙi gyara igiyar ɗaukar kaya don tsimin kuɗi ba. Mai sakaci ba shi da ikon fakewa a bayan amincinta. In ya ce, ba kome, ai matar kirki ce, za ta jure, ya zama kamar ɓarawon da ya ce satarsa ba laifi ba ce tun da mai kayan mai haƙuri ne. Amincinta abin yabo ne gare ta, ba ya rage ko kaɗan daga bashin da ke kansa.

Gafara Fa?

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Ubangijinmu ya koya mana gafara. Bulus kuma cikin 1 Korinthiyawa sura 6 ya tsauta wa masu bi da ke jan juna gaban mahukunta marasa bi, har ya ce gwamma a cuce su. Ba za mu tsallake wannan ba. Amma a wannan sura ɗin Bulus ya nemi a sami mai hikima cikin ekklesiya da zai raba gardamar, ya kuma tsauta wa masu cutar 'yan'uwansu. Bai ce a binne maganar ba. Shi kansa ya nemi hakkinsa na ɗan Roma a Filibi, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar.

Gafara ita ce ka fid da ƙiyayya daga zuciya, ka bar wa Allah ramako, ka roƙa wa mai laifi alheri. Wannan wajibi ne a kan kowane mai bi, ko an biya ko ba a biya ba. Yafe bashi kuwa kyauta ce, kyauta kuma sai mai abu ke yinta. A nan ne mu ke yawan tuntuɓe. In hatsari ya auku, mai mota ya aiko manya, ya biya kuɗin magani na mako biyu. Maza su taru a zaure, baffa da kawu da dattawan unguwa, wani lokaci har da fasto, su ce ƙaddara ce, mun yafe. Kowa ya tashi yana yabon haƙurin gidan. Matar da za ta yi shekara talatin tana ɗaukar mutumin nan tana can cikin gida tana dama masa kunu, ba wanda ya tambaye ta. 'Yan'uwa, wannan kyauta ce da kayan wani. In ita da mijinta, da saninsu, ba tilas, suka zaɓa su yafe domin Kristi, hadaya ce mai daɗin ƙanshi, Allah kuwa ba zai manta ba. Amma hadayar da aka ƙwace daga hannun mai ita ba ta karɓuwa.

Inda Haɗari Ya Ke

Ko da ya ke mun ce diyyar halal ce, hanyarta tana da ramummuka. Akwai kwaɗayi. In kuɗi ya shigo magana, mutum ya kan ƙara gishiri, ya mai da ƙaramin rauni babba, ya ce zaman da dā ma ba shi da daɗi aljanna ne. Mai bi ba shi da wannan iko, ko lauya ya ce masa hakan zai ƙara kuɗin.

Akwai tonon asiri. Wanda ya kai irin wannan ƙara za a yi masa tambayoyi a kan abin da ke tsakaninsa da abokin aurensa, har abin da ba a faɗa wa uwa. Sai miji da mata su auna tun da wuri ko za su iya, su shiga da baki ɗaya ko su bari da baki ɗaya.

Akwai kuma maganar iyaka. In an biya mata, 'ya'ya fa? Iyaye fa? Kotun nan ta Kalifoniya da ta buɗe wa mata ƙofa a 1974, ita ce a 1977 ta rufe ta ga 'ya'ya tara da suka nemi diyya domin raunin uwarsu, ta ce dole a tsaya a wani wuri. Wannan ya nuna mana shari'ar mutane gajeren bargo ce, in ta rufe kai ƙafa ta fito.

Amma haɗarin da ya fi duka shi ne wanda ke kan zuciyar majinyacin. Ku sa kanku a matsayinsa. Yana zaune a kekensa yana ji ana lissafta abin da matarsa ta rasa, abin da ta rasa kuwa shi ne. Shaiɗan ba ya rasa irin wannan zarafi. Zai raɗa masa cewa kai yanzu kaya ne, kai ba miji ba ne. Dole ekklesiya ta faɗi gaskiya a nan da babbar murya. Abin da ya ɓaci waɗansu daga cikin albarkun aure ne, auren kansa yana nan daram. Mutumin da ke kwance miji ne cikakke, uban 'ya'yansa ne, shawararsa da addu'arsa da albarkar bakinsa ba su shanye ba. Diyya ba takardar saki ba ce. Wadda ta karɓi kuɗi domin rashin zaman mijinta, sa'an nan ta kwashe ta bar shi, ta ci amanar Allah da ta shari'a duka. Haka kuma mijin da ya karɓa, ya mai da matarsa gidan iyayenta, ya sa kuɗin cikin neman wata.

Abin Da Ya Wajaba Gare Mu

Ga mai bi wanda hatsari ya auku ta hannunsa: kada ka jira sammaci. Zakka bai jira ba, da bakinsa ya ce zai mayar ninki huɗu, ranar ce kuwa Yesu ya ce ceto ya shigo gidansa. In za ka lissafta abin da ka ɓata, ka lissafta mutum biyu. Doka ta tilasta wa mai mota ya yi inshora domin wanda zai buge, saboda haka ka yi ta gaskiya, kada ka sayi takardar jabu don wuce shingen 'yan sanda. In kana da ma'aikata, ka sani dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji ciwo a bakin aiki, ka cika naka kason. Ka gyara birki, ka ɗaure tsani, ka rufe rami. Rigakafi ya fi magani.

Ga fastoci da dattawa: in aka kira mu sulhu, kada mu yanke kome sai mun ji daga bakin abokin auren, shi kaɗai, inda ba mai harararsa. Kada kuma mu sa wa mace sunan mai son kuɗi don ta nemi abin da ke nata. In aka biya, mu tsaya mu ga kuɗin ya zauna a gidan da ciwon ya ke. Mun san yadda dangi su kan taru a kan irin wannan kuɗi, kowa da dabararsa ta kasuwanci, kafin shekara ta kewayo babu kuɗi babu dangi.

Ga ekklesiya duka: mafi yawan gidajen nan ba za su taɓa ganin ƙofar kotu ba. Mai motar ya gudu, ko shi ma matalauci ne, ko kuwa ba laifin kowa. Abin da kotu ba ta biya ba yana wuyanmu, gama an umurce mu mu ɗauki nauyin juna, an kuma ce in gaɓa ɗaya ta sha wuya jiki duka ya ji. Gwauruwa muna saninta, muna da asusu dominta. Amma wadda mijinta ke da rai, ga shi kuwa ta rasa rabin abin da gwauruwa ta rasa, ta ƙara da aikin da gwauruwa ba ta yi, ba ta cikin littafin kowa. Ku lura da gaisuwarmu. In muka shiga irin wannan gida mu kan ce mata, yaya mai jiki? Ta ce da sauƙi. Mu yi addu'a mu fita. Tambaya ce mai kyau, amma ta bi ta kanta ta wuce. Mu ƙara wata a bayanta: ke fa, Mama, yaya ƙarfin jikinki, yaushe rabonki da barci, yaushe rabonki da sujada? Zumuntar mata ta raba kwanaki, wata ta zauna da majinyaci ran Lahadi don matar ta zo majami'a. Samari su ɗebo ruwa, su yi mata noma. Maza su je su yi hira da ɗan'uwansu, su nemi shawararsa cikin al'amuran ekklesiya kamar dā. Mijin da ke jinyar matarsa kuma kada a bar shi ga masu zuga shi ya ƙara aure. Zumunta a ƙafa ta ke.

Manzo ya kwatanta aure da Kristi da ekklesiyarsa cikin Afisawa sura 5. Angon nan ya same mu a raunane, raunin kuwa mu muka jawo wa kanmu, bai sake mu ba, bai mai da mu gida ba, ya ɗauki jinyarmu har ya ba da ransa. Dukanku da ke zaune a bakin gado dare da rana, maza da mata, kun fi mu duka kama da shi. In shari'a ta ba ku hakkinku, ku karɓa da lamiri mai tsabta, ku gode wa Allah. In ba ta ba ku ba, akwai Mai-shari'a wanda ya ƙidaya kowane dare da kuka yi ba barci. Ubangiji ya ƙarfafa ku, ya kuma buɗe idanunmu mu gan ku. Amin.